Wata Goma Sha Biyar Ina Jiran Alat: Yadda Na Bi Sawun Fanshona

Na ajiye aikin gwamnatin tarayya a watan Oktoban 2023, bayan shekara 35 cif, amma ko sisin kwabo na fansho bai shigo hannuna ba sai farkon 2025. Tun daga lokacin da ƙyar mako ke wucewa ba a kira ni ba. Wani tsohon abokin aiki ne da ritayarsa ta ƙarato, wani ɗan abokin aiki ne da mahaifinsa ya kwanta ciwo, kowa da tambayarsa, kuma kusan duk tambayoyin ni ma na yi su a lokacin da babu mai ba ni amsa. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko. Ba zan faɗi sunan ma'aikatarmu ba, ba kuma zan faɗi kamfanin da ke riƙe da asusuna ba, don duk inda mutum yake hanyar kusan ɗaya ce.

Sai na ɗan koma baya, domin wanda bai san tsohon tsari ba ba zai gane dalilin sabon ba. Ina saurayi nakan raka baffana tantancewar 'yan fansho. Mu fita bayan asuba da tabarma da buta, a tara tsofaffi a harabar ofis, rana ta take, wani ya yanke jiki ya faɗi, a yayyafa masa ruwa, a ce a dawo gobe. A wancan tsarin gwamnati ce ke alkawarin biya daga kasafin kowace shekara, babu wani kuɗi da aka ware aka ajiye da sunanka. Zuwa 2004 bashin fansho ya yi wa gwamnati katutu, sai Shugaba Obasanjo ya ɗauko wani ma'aikacin banki, Fola Adeola, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa bankin GTB, ya ba shi jagorancin gyaran. Masu bin siyasa za su tuna shi, shi ne ya yi wa Nuhu Ribadu takarar mataimaki a 2011. Aka kwaikwayo tsarin ƙasar Chile, aka yi dokar fansho ta 2004, aka kafa hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, da Muhammad K. Ahmad a matsayin babban daraktanta na farko. Hikimar ita ce a fitar da kuɗin daga aljihun gwamnati. Kowane wata a cire wa ma'aikaci kashi 7.5 cikin ɗari, gwamnati ta ƙara 7.5, a zuba a asusu mai sunansa. Kamfani mai zaman kansa ya juya kuɗin, wani kamfanin daban ya riƙe su a ajiye don kada mai juyawa ya sa hannu ya ɗiba, hukuma kuma ta sa ido a kan su biyun. Dokar 2014 da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ta ɗaga kason zuwa 8 na ma'aikaci da 10 na mai ɗaukar aiki.

Mu dai a ofis abin da muka gani shi ne wajen 2006 samari da 'yan mata masu kwat suka yi ta zarya, kowa da jakar fom da kyautar lema da hula da kalanda. A gaskiya ban zaɓi kamfanina don na san wani abu game da shi ba. Yaron da ya fi naci ne ya same ni ina sauri zan tafi sallar la'asar, ya ce shi zai cike mini, ni dai in sa hannu in dangwala yatsa. Na dangwala na wuce. Aka kawo mini takarda mai lamba doguwa da ta fara da PEN, na cusa ta cikin wata tsohuwar jaka. Shekara 16 ban sake waiwayar maganar ba, in ban da saƙon da kan shigo waya lokaci-lokaci, wanda ko karantawa ba na yi.

A farkon 2022 jami'in da ke kula da harkar fansho a ofishinmu ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, sunanka na cikin na baɗi. Ka je kamfaninka su sabunta bayananka kafin a buɗe rajista." Na tafi ranar wata Talata da shirin wuni, har da goro a aljihu. Abin mamaki, mai gadi ya miƙo mini 'yar takarda mai lamba, na zauna a kujera ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, cikin minti 20 aka kira ni. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba ta gaishe ni, ta karɓi lambar PEN da lambar katin ɗan ƙasa, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga shekaruna nan a jere, wata bayan wata, abin da ya shigo da ribar da ya haifa. Na daɗe ina kallo. A duk tsawon aikina ban taɓa ganin wani ofishin gwamnati ya nuna mini haƙƙina a fili haka ba tare da na roƙa ba. Sai dai murna ta koma ciki, don ta ce, "Baba, akwai 'yar matsala. A wurinmu Mohammed ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad, kuma a nan an sa sunan garinku a ƙarshe, a can babu." Na ce ai duk ni ne, ga ni zaune a gabanki. Ta yi murmushi ta ce ita ta yarda, na'ura ce ba ta yarda ba.

Wannan bambancin rubutu ya ci mini mako uku. Na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa sunayen duka nawa ne, na kai jarida aka buga sanarwa, na jira fitowarta na sayi kwafi uku. Tsakanin kotu da jarida da kuɗin Keke Napep na kashe abin da ya kai naira dubu goma sha biyu a kuɗin lokacin. Da na koma aka ɗauki hotona da zanen yatsuna goma da sa hannuna, aka ce an tura. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo cewa an karɓa. Mu 'yan Arewa wannan ciwon namu ne kusan duka. Malamin firamare ya rubuta maka suna yadda ya ga dama, akawun da ya ɗauke ka aiki ya rubuta nasa, banki ma ya yi nasa, ga kuma ranar haihuwa da rabinmu muka tashi muka ga an ba mu 1 ga Janairu. A zamanin fayil ɗin takarda ana kawar da kai, a zamanin kwamfuta kuwa harafi ɗaya kan tsayar da kai a ƙofa.

Mataki na gaba shi ne rajistar masu shirin ritaya, wadda a lokacin ake yi shekara guda kafin mutum ya tafi. A da sai an tara mutane a cibiyoyi, amma daga 2021 PenCom ta mayar da ita ta intanet. Ɗana ne ya zauna da ni a tsakar gida da wayarsa muka cike kashi na farko. Anan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne, domin ni sai daga baya na fahimci amfanin wannan rajista, da na sani tun farko da ban sha baƙin cikin da na sha ba. Duk wanda ya fara aiki kafin Yunin 2004 kuɗinsa gida biyu ne. Akwai wanda aka riƙa cirewa ana tarawa tun daga 2004, wannan yana hannun kamfani. Akwai kuma haƙƙin shekarun da ka yi a tsohon tsari, ni nawa daga 1988 zuwa 2004, kusan shekara 16, fansho da garatuti a haɗe. Wannan na biyun ba ya asusunka, bashi ne a wuyan gwamnati. Doka ta ce a riƙa ware kashi 5 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikata ana tarawa a Babban Banki don biyan sa. Rajistar ita ce hanyar da ake lissafa abin da kake bi, a sa shi a kasafin shekarar da za ka fita.

Don a yi wannan lissafi ana buƙatar takardu, kuma na asali ake son gani. Takardar ɗaukar aiki ta farko, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, wasiƙar gabatarwa daga ma'aikata, katin shaidar aiki, tarihin aikinka da ofis ya buga wa hatimi, takardun ƙarin girma, da takardun albashi na wasu lokuta da aka ƙayyade. Uwa uba ita ce shaidar matakin albashin da kake kai a ranar 30 ga Yunin 2004, don a kanta ake gina lissafin haƙƙin baya. Na zazzage akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, na sami komai har da rasit ɗin rediyon da na saya a 1991, amma takardar ƙarin girman da ta kai ni mataki na 9 ta yi ɓatan dabo. Uwargida ta ce tana jin tana cikin takardun da ruwa ya jiƙa shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo. Ofishinmu na jiha suka duba nasu kwafin fayil ɗin, babu. Aka ce sai hedikwata.

Na kama hanyar Abuja da asubar Lahadi, na sauka wurin wani ɗan ƙanwata a Kubwa, Litinin da sassafe ina bakin sakatariya. Ɗakin ajiye fayil yana can ƙasan bene, ƙwai ɗaya ne ke ci a ciki, ga warin tsohuwar takarda da ƙura da ke shaƙe maƙogwaro. Fayiloli a kan kanta har rufi, wasu a ɗaure da igiya a ƙasa. Matashin da ke kan tebur ya duba wani babban littafi ya ce fayil ɗina ya fita tun bara zuwa sashen ƙarin girma, bai dawo ba. Na hau hawa na huɗu da ƙafa, don na'urar hawa ba ta aiki, suka ce sun mayar. Na sauko, aka ce ba a rubuta dawowarsa ba. Haka na yi ta safa da marwa kwana biyu. Wani mai shiga-da-fita da ke rakuɓe a baranda ya matso ya ce in na ba shi dubu ashirin zai fito mini da shi kafin azahar. Na ce masa shekara 34 ina cikin gidan nan, ba yau zan fara sayen fayil ɗina ba. Na faɗa da ƙarfin hali, amma a zuciyata na fara lissafin ko in ba shi in huta.

Rana ta uku Allah ya haɗa ni da wani dattijon masinja, mutumin Bida, wanda shi ma saura masa shekara ɗaya. Ya tambayi shekarar da aka ɗauke ni da jihar da na fara aiki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da aka haɗe sassan nan biyu an sauya muku lamba. Da tsohuwar lamba za a nema." Ya ɗauko tsani ya hau, ya yi ta sauko da ƙunshi yana hurawa, can sai ga shi da koren fayil da gefensa ya cinye. Ya buɗe a gabana. Shafin farko hotona ne ina ɗan shekara 23, da gashi cunkus da faffaɗar kwala, na kasa gane kaina. A shafi na sittin da wani abu ga takardar nan, kwafin kabon, rubutun ya dushe amma ana karantawa. Na ba shi na goro, ya ƙi, sai da na haɗa shi da Allah. Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa shi ne, tsarin da masanin banki ya zana, da kwamfutocinsa da komai, ranar nan gaba ɗayansa ya rataya ne a kan ƙwaƙwalwar tsoho ɗaya da tsaninsa. Tafiyar ta ci mini wajen naira dubu arba'in da biyar, mota da abinci da hoton takardu.

Tantancewar kanta a ofishin kamfanin aka yi, kuma ba ta ɗauki awa ɗaya ba. Suka gwada na asali da abin da muka shigar, suka ɗauki hoton kowace takarda, suka ɗauke ni ni ma, suka buga mini takardar shaidar rajista mai ɗauke da matakan albashina. Yaron ya ce in karanta da kyau kafin in sa hannu. Na sa tabarau na bi layi-layi, sai na ga an rubuta mataki na 9 rukuni na 2, alhali rukuni na 4 nake a lokacin. Nan take ya gyara. Da na sa hannu a haka, da an lissafa mini haƙƙin shekara 16 a kan albashin da bai kai nawa ba, kuma gyara bayan an rufe lissafi wata doguwar tafiya ce. Ko kwabo ba a karɓa a hannuna ba a wannan mataki, kuma duk wanda ya ce ka biya shi don rajista ko tantancewa, ka san da wa kake magana.

A Yulin 2023 na rubuta takardar sanar da ritaya, wata uku kafin ranar kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Aka ba ni takardar zagaye, sashen kuɗi su sa hannu ba a bina bashi, sito su sa hannu na mayar da kayan gwamnati, ƙungiyar adashin ma'aikata su sa nasu. Aka yi mini 'yar walima da lemo da cincin, aka ba ni agogon bango. Albashi ya tsaya cak a watan da ya kamata, a wannan kam gwamnati ba ta makara. Da takardar amincewa da ritayata ta fito, na ɗauke ta da takardun albashi na watanni ukun ƙarshe da hotuna da bayanin asusun banki na nufi kamfani, ina tafe ina lissafin buhun shinkafa da gyaran mota. Suka karɓa, suka buɗe mini fayil, sannan aka ce sai in jira haƙƙin baya ya shigo, domin ba a yin lissafin ƙarshe sai kuɗin gida biyu sun haɗu wuri ɗaya.

Ranar na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Na ce ga kuɗina can ina gani a kwamfutarku, ku ba ni nawa, ku bar gwamnati da nata. Manajan reshen ya fito ya ja ni ofishinsa, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce, "Alhaji, wallahi da da hali da yau ka tafi da shi. Mu abin da aka ba mu muke juyawa. Wanda ba a sako ba, ba mu da hanyar ƙirƙiro shi." Ya nuna mini cewa ana biya ne rukuni-rukuni bisa watan da mutum ya fita, kuma a lokacin akwai waɗanda suka riga ni da watanni da dama suna kan layi. Ban ji daɗin maganar ba, amma aƙalla an gaya mini inda kuɗin ya maƙale da wanda ke gabana. Baffana har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa irin wannan bayani.

Jiran nan ne ainihin jarrabawar. Kowa ya san yadda rayuwa ta koma bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya. Ni kuma ga yara biyu a jami'a. Abin da ban yi tunaninsa ba ko kaɗan shi ne inshorar lafiya ta ma'aikata, wadda ta tsaya tare da albashi, sai ga ni ina sayen maganin hawan jini da kuɗin aljihu a daidai lokacin da farashinsa ya ninka. Kuɗin adashin ofis ya riƙe mu wata biyar. Bayan nan na sayar da fulotin da na ajiye don aurar da 'ya. Uwargida ta koma yin ƙosai da kunu da safe, abin da ta bari tun yaranmu na ƙanana, ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan kuwa ya fi gorin ciwo. Muna da zauren WhatsApp na waɗanda suka fita shekara ɗaya, kullum sai an wayi gari da jita-jita, yau an sako, gobe ƙarya ne. Mutum uku a zauren suka rasu kafin kuɗin ya zo. Akwai kuma masu kiran waya su ce daga Abuja suke, za su ciro maka fayil daga layi in ka tura wani abu. Wani abokina ya tura dubu hamsin, har yau lambar a kashe take.

Wata safiya a Janairun 2025, ina zaune a ƙofar gida bayan na dawo daga masallaci, saƙo ya shigo cewa an zuba haƙƙin baya a asusuna. Kafin azahar kamfanin da kansa ya kira ni. Ina isa bakin ƙofarsu wasu samari biyu suka tare ni da gaisuwa kamar sun san ni, ashe wakilan kamfanonin inshora ne. Dalili kuwa, a wannan gaɓar mutum ke zaɓen ɗaya cikin hanya biyu. Ko ka bar kuɗin a hannun kamfanin fansho suna ci gaba da juyawa suna yanko maka wata-wata, in ka rasu abin da ya rage na magada ne, kuma lokaci-lokaci akan ɗan ƙara abin da ake ba ka in riba ta taru. Ko ka miƙa wa kamfanin inshora su ɗauki alkawarin biyan ka har ƙarshen rayuwa ko da ka shekara ɗari, amma tabbacin magada shekara 10 ne kawai, in ka wuce su ka rasu babu saura. Wanda ya zaɓi ta farko yana iya komawa ta biyu daga baya, wanda ya shiga ta biyu kuwa ba ya dawowa. Samarin sun fi nanata cewa nasu ya ɗan fi tsoka a wata, ba su kawo zancen shekara goman ba sai da na tambaya. Na ce a ba ni mako guda. Na yi shawara da uwargida da babban ɗana da wani malami, na zaɓi ta farko, saboda ina da yaran da ba su kama ƙasa ba kuma hankalina ya fi kwanciya da abin da za a iya raba shi gado. Wanda iyayensa suka yi tsawon rai kuma 'ya'yansa suka kama ƙasa, ba zan ga laifinsa ba in ya ɗauki ɗayar.

Sai maganar kuɗin dunƙule, inda yawancinmu ke shan mamaki. Mun taso da tunanin garatuti, mutum ya karɓi tuli ya gina gida ya je Makka. A nan ba kai ke yanka wa kanka ba. Ana zuba shekarunka da jinsinka da albashinka na ƙarshe da jimillar asusunka cikin wani ma'auni da hukuma ta tsara, shi zai faɗi iyakar abin da za ka ɗauka a dunƙule ta yadda ragowar za ta iya ɗaukar nauyin biyan wata-wata. Ni nawa ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuma bashin watannin da na yi ina jira, wanda shi ma daga cikin asusun nawa aka cire. A nan ne kuma na ji labarin asusu na shida, ɗaya daga cikin rukunan da kamfanonin fansho ke juya kuɗi a ciki, wanda aka buɗe a 2021 don masu gudun kuɗin ruwa, ana zuba shi a sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, da hannayen jarin da suka dace da shari'a. Shekara uku da wani abu yana nan ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba, su ma ba su taɓa kirana sun faɗa ba. Na cike fom na koma cikinsa. Na sa hannu a yarjejeniya, aka tura neman amincewar hukuma, bayan kwana 16 alat ya shigo ina cikin layin cirar kuɗi a wurin mai POS. Tun daga ranar kuwa fanshon wata bai taɓa saɓa lokacinsa ba.

Mutane kan tambaye ni ko shigo da 'yan kasuwa cikin harkar ya yi amfani. Ni dai abin da idona ya gani, ɓangaren da aka damƙa musu ya yi aiki. Kuɗina bai ɓace ba, kowace naira da sawunta, ba a nemi cin hanci a wurina ba, kuma da na ga dama da na sauya kamfani, tunda daga Nuwamban 2020 an ba kowa damar yin haka sau ɗaya a shekara, abin da ya sa suke lallaɓa mu. Idan aka tuna cewa a tsohon tsari ne aka yi badaƙalar da ta kai Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ga ɗaurin shekara 8 a 2021, an san an yi nisa. Amma duk wahalar da na sha, in ka cire ta sunana da ni na jawo, a wurare biyu ta fito, ɗakin fayil da bashin da ba a sako da wuri ba, kuma duka biyun ba a taɓa miƙa su ga kowa ba, suna nan inda suke tun zamanin baffana. Sai a Fabrairun 2025 gwamnati ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don share basussukan fansho. Akwai kuma abin da kamfani ba ya da maganinsa. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ribar asusu ba ta kamo ƙafarta ba. Kuɗin da zai sake saya mini fulotina a 2023, da ya zo ko rabinsa bai saya ba.

Ga wanda ke da sauran shekaru a gaba, abin da nake gaya wa masu kirana ke nan. Tun saura shekara biyar ka jera katin ɗan ƙasa da takardar ɗaukar aiki da bayanan banki da na kamfanin fansho a kan tabarma, ka duba suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Ka je hedikwata da ƙafarka tun kana da katin shiga da abokai a ciki, ka yi hoton duk abin da ke fayil ɗinka, domin ranar da ka zama tsohon ma'aikaci gaisuwar ma sauyawa take yi. Ka riƙa karɓar bayanin asusunka kana duba watannin da ba a zuba ba. Ka tanadi abin da zai riƙe gida shekara guda ba albashi, da kuɗin magani a ciki, ko da an ce maka yanzu an daina jinkiri. Kada ka manta da kashi 2.5 da aka riƙa cire maka na asusun gidaje, ana mayarwa bayan ritaya amma sai ka nema ta ofishinku. Ma'aikatan jiha kuma su bincika dokar jiharsu, domin Kano da Jigawa, alal misali, nasu tsarin daban ne da wannan da na bayyana.

Abu na ƙarshe a gidan ɗaya daga cikin abokanmu ukun nan da suka rasu na koye shi. Ya rubuta sunan babban ɗansa a matsayin makusanci, iyalin suka ɗauka yaron zai je kawai ya sa hannu ya karɓo. Ashe wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kurum. Kafin a saki kuɗin mamaci sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyarsa, da asusun banki da aka buɗe da sunan magada. Yaron bai san ko sunan kamfanin mahaifinsa ba, sai da muka fasa jakar marigayin muka tarar da lambar PEN a bayan wani tsohon katin asibiti. Takardar kotun ta fito makon jiya, ranar Litinin zan raka shi ya miƙa. Nawa takardun kuwa na yi musu hoto kashi uku, ɗaya a akwatin ƙarfe, ɗaya wurin uwargida, ɗaya a wayar babban ɗana.